Jijiyar Gicciye ta Gaba: Igiyar da Ke Riƙe da Gwiwa

Gwiwar ɗan Adam mahaɗar ƙasusuwa uku ce: ƙashin cinya, da ƙashin ƙwauri, da ƙoƙon gwiwa. A tsakiyarta akwai jijiyoyi biyu masu ƙarfi da suka gitta juna, wato jijiyoyin gicciye. A wannan maƙala za mu duba ta gaba daga cikinsu.

Ƙarshen ƙashin cinya ya rabu zuwa dunƙule biyu, na ciki da na waje, da kwari a tsakaninsu. Jijiyar ta kafu a bangon dunƙulen waje da ke fuskantar wannan kwari, daga can baya. Daga nan sai ta gangaro, ta karkato gaba da ciki, ta kama saman ƙashin ƙwauri a gaban 'yan tuddan da ke tsakiyarsa. Tsawonta a jikin baligi yakan kai milimita 30 zuwa 38. Zarenta ya kasu dami biyu: na gaba yakan ɗame idan an tanƙwara ƙafa, na baya kuwa idan an miƙe ta. Ta haka ne take hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, ta kuma taƙaita murɗewarsa. Tun a 1836 'yan'uwa biyu Jamusawa, Wilhelm da Eduard Weber, suka bayyana wannan aiki nata.

Mai ƙwallo ko kokawa ko langa yakan tsinka ta idan ya kafa ƙafa ya juya da ƙarfi. Sau da yawa akan ji ƙara, gwiwa ta kumbura cikin sa'o'i kaɗan, daga baya ta riƙa sulluɓewa. A jikin yara kuwa, da yake ƙashi bai gama ƙwari ba, jijiyar kan ɓalle ɗan guntun ƙashin da ta kama. Jinin da ke isa gare ta kaɗan ne, saboda haka da wuya ta haɗe da kanta, kuma ɗori ba ya kai wa inda take. Kada a ɗauki irin wannan rauni a matsayin targaɗe. A nemi likitan ƙashi, kamar a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

Malaman Rimaye da Kankiya da Kusada suna iya nuna wa ɗalibai ita ido da ido. A sayi cinyar akuya a wurin mahauci, a buɗe gaɓar sama da ke kusa da ciki, domin ita ce ainihin gwiwa. Idan aka tanƙwara ta, farar jijiyar za ta bayyana.