CINIKIN TSOHUWAR MOTA DON A CIRE INJINTA: ABIN DA YA SAME NI TSAKANIN KANKIYA DA KUSADA

Farashin gero da dawa da wake kun riga kun gan shi a shafin gaba. Ni labarin wani ciniki na kawo muku, wanda na yi a kakar 2024, don na san da yawa daga cikinmu suna da tsohuwar a-kori-kura, kuma duk mai ita wata rana sai ya nemi inji. Zan riƙa faɗin kuɗin da buhun gero, gama Naira ba ta zama wuri ɗaya, amma buhu kowa ya san shi.

Ina da a-kori-kura Fijo 504, ita ce ƙafata. Da ita nake bin ƙauyukan Kusada da na Kankiya lokacin kaka, in sayi hatsi tiya-tiya a hannun manoma, in tara a Kankiya, in ya kai lodi a ɗora wa babbar mota zuwa Dawanau. Kun sani ribar ɗan hatsi duk tana cikin makonnin nan kaɗan da sabon gero ke fitowa, kafin manyan 'yan kasuwa su shigo su ɗaga shi. To ana tsakiyar haka, wata Laraba da la'asar, mun taso da lodi mun kusa Gidan Mutum Ɗaya, sai muka ji ƙara a gaba kamar ana daka a turmin ƙarfe. Direba ya kashe mota. Da aka ja ta zuwa gareji aka buɗe, sai aka ce inji ya buga, har uwar injin ta tsage, ba ya gyaruwa. Maigidan garejin ya ce a tafi Kano kasuwar Ƙofar Ruwa a sawo wani, zai ci kamar kuɗin buhu takwas.

Ina cikin juya buhu takwas ɗin nan a raina, sai ga wani dillali ya same ni a rumfa. Ya ce, "Alhaji, me zai kai ka Kano? Ga Fijo can kwance a Kusada, gidan wani marigayi, ta fi shekara ashirin ba a taɓa ta ba. Motar tsere ce ta Turawa, injinta ya yi biyun naka. Buhu shida za a ba ka ita sukutum, ka cire inji, ka sayar wa 'yan gwangwan sauran ƙarfen, ka mai da rabin kuɗinka." Da na ji haka sai lissafi ya yi mini daɗi. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala.

Kashegari muka je. Muka iske ta a bayan gida ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaji sun mai da kujerar baya akurki. Amma duk da ƙura da tsatsa, ka gan ta ka ga motar manya: ƙofa biyu ce da ita, doguwa, gajeriya a tsaye, ga tambarin zaki a goshinta. Ni da na ga zakin nan, na ga kuma an rubuta 504, sai na ce ai shi ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya suke da tawa. Ban buɗe gabanta da kyau ba, ban zo da makaniki ba. Babban ɗan marigayin ya fito muka gaisa a zaure, ya ce, "Baba, in kana so ka ɗauka, ta tsare mana wuri." Na biya, na ba dillali la'adarsa, na yi hayar motar da ta jawo ta zuwa Kankiya.

A nan bari in tsaya in faɗi asalin wannan mota, kamar yadda na bincika daga baya, don dillalai su san abin da suke tallatawa. Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504 a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri cikin Kaduna, aka yi ta fito da 404 da 504, har ta zama motar ma'aikata da ta haya da ta ɗaukar kaya a duk ƙasar nan, kuma ba a daina harhaɗa 504 a Kaduna ba sai 2006. Shi ya sa babu garin da za ka shiga ka rasa wanda ya san cikinta. Amma ita mai ƙofa biyun, wadda Turawa ke kira Coupé, ba a Kaduna aka yi ta ba. A 1969 ta fito, wani kamfani na ƙasar Italiya mai suna Pininfarina ne ya zana jikinta ya ƙera shi, aka daina yin ta a 1983. Na farkon inji mai silinda huɗu ne da su, amma daga 1974 aka fara sa wa waɗansu inji mai silinda shida, mai cc 2664, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka haɗa kai suka ƙera. Maganar tsere kuwa dillali bai yi ƙarya ba: irin wannan mai silinda shida ce ta ci babban tseren Safari na ƙasar Kenya a 1978. To, tawa ma mai silinda shida ce.

Da maigidan gareji ya ɗaga murfin gaba, sai ya yi shiru, ya ƙirga wayoyin fulogi da yatsa, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wa ya sa ka wanga aiki?" Na ce, "Lafiya? Ba Fijo ba ce?" Ya ce, "Fijo ce, amma doki da jaki duk ƙafa huɗu gare su, ba a ɗaura wa ɗaya kayan ɗaya." Ya zaunar da ni a benci ya yi mini bayani dalla-dalla, ga shi kamar yadda na riƙe.

Injin a-kori-kura silinda huɗu ne a jere, uwarsa baƙin ƙarfe ce, an kishingiɗar da shi gefe ɗaya cikin mota. Wannan kuwa silinda shida ne, uku nan uku can kamar bakin almakashi, kuma da farin ƙarfe mara nauyi aka zuba shi. Mazauninsa dabam ne, sai an yanka an yi walda. Inda zai haɗu da giya dabam ne, sai dai a ɗauko giyarsa gaba ɗaya, in an ɗauko ta kuma sai an sake gwada sandar da ke juya tayoyin baya. Lagireton tawa ba zai iya sanyaya shi ba a zafin Afirilu da lodi a baya. Salansa biyu yake fitarwa maimakon ɗaya. Ya ce duk wannan mai yiwuwa ne in akwai kuɗi, amma abu biyu ne ba su da magani. Na ɗaya shan mai, ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowace lita sai an yi lissafinta a kan buhu. Na biyu kayan gyara. Ya ce, "In gaskit ɗin mai silinda huɗu ya ƙone maka a ƙauye, kafin azahar yaro ya kawo maka wani daga Kankiya ko Caranci. Wannan kau, in ya tsaya maka da lodi a daji, sai ka yi sati ana nema a Kano, wanda ma zai ɗaura shi sai an tona."

Duk da haka ban haƙura ba, don kuɗina sun riga sun shiga. Na ce a gwada ko yana juyawa. Aka cire fulogai, aka zuba baƙin mai da kananzir ta ramukansu, aka bar shi yana jiƙa kwana bakwai, kowace safiya ana gwada juya shi da sifana a hankali. Ran na takwas ya motsa. Amma da aka kwance kaskon mai na ƙasa, ruwa ne ya fara fitowa kafin mai, shi man kuwa ya zama kamar kunun kanwa. Makaniki ya ce irin waɗannan injinan na Fijo, kowace silinda kwano ne da ake zurawa a cire, ruwan sanyaya inji yana kewaye da shi. Wannan shi ya sa suke da sauƙin sabuntawa. Amma in mota ta daɗe a kwance, abin da ke tsare ruwan ya ruɓe, sai ruwa ya sauka cikin mai ya ci ƙarfe a ɓoye. Ɓeraye kuma sun gama da wayoyi, tsohon fetur ya daskare a kafireto kamar ƙaro.

Ina tsammanin nan wahalar ta tsaya, sai ga saƙo daga Kusada a zo ana nemana. Ashe ba a raba gadon marigayin ba. Akwai ɗiyarsa da ke aure a Katsina, akwai kuma ƙananan jikoki marayu da rabon mahaifinsu ya faɗa wa, shi ya rasu bayan tsohon, kuma babu wanda aka shawarta cikinsu. Muka zauna gaban mai unguwa da limamin unguwar. Liman ya ce mini, "Alhaji, kai da ka yi karatu, ba ka tambayi ko an raba gado ba?" Wallahi kunya ta kama ni, don tun muna zaure aka karantar da mu babin ciniki a Risala, cewa ba a sayen abin da ba a san halinsa ba, kuma mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba. Na san wannan a kan buhun gero, in ba a kwance baki na tura hannu har ƙasa ba, ba na biya. Da aka zo ga ƙarfe sai na yi cinikin biri a sama.

Aka yi sulhu. Yaron ya mayar mini da buhu shida ɗina a biya biyu, Allah Ya saka masa, ni kuma na mayar da mota da kuɗina. Kafin in taso na gaya musu abin da ɗana ya nuna mini a wayarsa, cewa a Turai akwai masu neman irin wannan mota su gyara su ajiye don sha'awa, saboda haka kada su bari 'yan gwangwan su sare ta a kan awon kilo, tana da daraja a haɗe fiye da a warwatse. Haƙƙin marayu ne, bai kamata in ɓoye ba. Daga nan na tafi Ƙofar Ruwa tare da makanikina, muka sawo mai silinda huɗu, aka ɗaura cikin kwana biyu, ga ta nan tana aiki har yau. La'ada da kuɗin ja sau biyu da aikin gareji sun cinye mini kamar buhu biyu. Babbar asarar kuwa kwana goma sha tara da na yi ba mota a tsakiyar kaka, kafin in koma ƙauye gero ya riga ya tashi.

To jama'a, ga abin da nake ba da shawara ga wanda zai sayi kwantacciyar mota don injinta. Na farko, ya tambayi mai ita, in na gado ce ya ji daga bakin dukkan magada, ko ya ga takardar rabo. Na biyu, kada ya je sai da makanikin da zai ɗaura injin da hannunsa, shi ne zai ce ya dace ko bai dace ba, suna ɗaya ba ya nufin inji ɗaya. Na uku, a zaro sandar awon mai a duba ko ruwa ya shiga, a cire fulogai a juya injin da hannu, kada a sa batir a tilasta masa, yana karya ringi. Na huɗu, ya tambayi kansa ko kayan gyaran wannan inji suna samuwa a kasuwa mafi kusa da inda yake aiki. Na biyar, a rubuta takardar ciniki da lambar inji a gaban shaidu biyu, a kai ofishin lasin a daidaita takardu, don kada a tsare shi a hanya da lodi. Na shida, ya ƙirga kwanakin da zai yi ba mota, su ma kuɗi ne, balle a kaka.

Ku kuma 'yan'uwa dillalai, la'ada halal ce, amma ku faɗi abin da kuka sani, abin da ba ku sani ba ku ce a kira masu sani. Dillalin nan har yanzu muna gaisawa, na san bai yi don ya cuce ni ba, shi ma zakin ya gani kamar yadda na gani.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu daga cin haƙƙin marayu, Ya sa damina mai zuwa ta yi kyau. Amin. Haza wassalam.