Amsoshin Wasiƙunku: Kwana Nawa Ya Kamata Rogo Ya Yi A Ruwa?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wata baiwar Allah mai sana'ar alabo. Ta ce maƙwabciyarta kwana ɗaya tak take jiƙa rogo ta tsame ta shanya, ita kuwa sai ya kwana huɗu, ga shi kullum ana riga ta kai kaya kasuwa. Shin ɓata lokaci take yi?

To Hajiya, ba ɓata lokaci kike yi ba, kada ma ki soma ragewa. Shi rogo, musamman mai ɗaci, akwai guba a jikinsa wadda masana ke kira sayanayid. Ta fi yawa a ɓawo da ganye, amma tsokar ma ba ta tsira ba. Idan aka feƙe shi aka zuba a ruwa, sai ya fara tsami yana laushi. To wannan laushin ne ke sakin gubar, wata ta bi ruwa, saura kuma ta bi iska lokacin shanya. Rogon da ya kwana ɗaya bayansa kawai ya jiƙa, cikinsa na nan da ƙarfinsa, gubar kuma na nan zaune.

Saboda haka kwana 3 zuwa 5 ake so, kuma ruwa ya rufe shi ruf. Da hunturu a ƙara masa kwana, don sanyi na jinkirta tsamin. Ni dai a ganina hannu ya fi lissafin kwanaki gaskiya: ki ɗauko guda ki matsa, in bai farfashe ba, mayar da shi. Ruwan jiƙon kuwa a zubar da shi nesa, kada a bar awaki ko kaji su sha.

Wani zai ce ai mun daɗe muna ci ba abin da ya same mu. Haka ne, domin jiki na iya kawar da 'yar kaɗan, balle in ana samun wake, gyaɗa ko kifi. Matsalar takan zo ne a shekarar fari, lokacin da gubar ke ƙaruwa a rogo, yunwa kuma ta hana mutane jira. Haka ta faru a arewacin ƙasar Mozambik a 1981, inda mutum fiye da 1,000 suka kamu da wata cuta da ake kira konzo. Yaro zai kwanta lafiya ya wayi gari ƙafafunsa sun sandare, kuma ba a warkewa. Mata da yara ta fi kamawa. Allah ya kiyashe mu.

Ku kuma masu sayen alabo a kasuwa, da yake ba ku san hannun da ya fito ba, ga wata dabara da wani masani ɗan Ostireliya, Howard Bradbury, ya fito da ita. A kwaɓa garin da ruwa, a baza shi a tire kada kaurinsa ya wuce na yatsa, a bar shi awa 5 a inuwa ko awa 2 a rana, sannan a tuƙa tuwo a ranar.

In kuwa an ci abincin rogo sai aka ga 'yan gida sun fara jiri, amai, ciwon kai da ciwon ciki a lokaci ɗaya, kada a tsaya jiƙe-jiƙen gida, a garzaya asibiti, a kuma riƙe ragowar garin a nuna wa likita.

Hajiya, a karanta wa maƙwabciyar taki wannan amsa, amma cikin lalama. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.