Ya Zo Koyon Turanci, Hausa Ta Tarbe Shi

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Tun kafin nan ma matasan Maraɗi da Damagaram da Yamai sun saba ƙetarowa Najeriya karatu, da yawansu don su iya Ingilishi. Sai dai wanda ya sauka a Arewacin Najeriya yakan gamu da cikas ɗin da bai zata ba: kowa yana jin yarensa. Mai shago da mai Keke Napep da mai gidan haya, duk da Hausa za su tarbe shi. Malam na fita daga aji, Turanci ya bi bayansa, sai kuma gobe.

Aji yana koyar da nahawu da rubutu, amma ba ya sakin baki. Inda ɗalibai suka cika ɗaki, ba kowa ke samun damar furta ko da jimla biyu ba kafin a tashi. Shi ya sa za ka ga ɗalibi ya ci jarrabawar takarda, amma a yi masa tambaya ido da ido ya kama inda-inda. Jarrabawar IELTS da jami'o'in waje ke nema kuwa kashi huɗu ce: sauraro da karatu da rubutu da magana, kuma kashin maganar hira ce da mai jarrabawa ta minti 11 zuwa 14. Hadda ba ta fitar da mutum a nan.

Ga wanda ke karatu a birnin Kaduna, a nan ne unguwannin kudancin kogin Kaduna ke da amfani. Masaƙar farko ta Kakuri ta fara aiki a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya biyo a 1975, matatar mai a 1980. Waɗannan suka janyo ma'aikata daga ko'ina: Bajju da Atyap da Jaba da Tibi da Ibo da Yarbawa, suka tarar da Gbagyi da Hausawa. Yawancin masaƙun sun rufe, amma 'ya'ya da jikokin ma'aikatan suna nan a Kakuri da Barnawa da Narayi da Unguwar Television da Sabon Tasha, kuma ana jin Turanci a harkokinsu na yau da kullum fiye da yadda ake jin sa a Tudun Wada ko Rigasa. Ga kuma reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Barnawa, mai tara ɗalibai daga jihohi daban-daban.

Amma a sani, mutanen nan ma akasarinsu suna jin Hausa raɗau. Ka yi gaisuwa da Hausa, da ita za a ƙarasa hirar. Don haka kai ne za ka fara da Turanci, ka kuma dage a kai ko da an juya maka. Ka faɗa wa mutum gaskiya cewa koyo kake yi. Yawanci zai ji daɗin taimaka maka.

Fara da masauki. 'Yan gari ɗaya su biyar a ɗaki ɗaya akwai sauƙin kuɗi da ɗebe kewa, amma za su koma gida da bakin da suka zo da shi. In da hali, nemi abokin zama wanda ba ya jin Hausa sosai. In babu, ku yanka wa kanku lokaci, misali daga la'asar zuwa magariba, wanda ba a yin komai sai Turanci. Ka yi cefanenka a Kasuwar Monday ta Kakuri da Turanci. Ka karanta labari a Aminiya, sannan ka nemo shi a Daily Trust ka karanta da ƙarfi. Ka saurari labarai a Supreme FM, ka naɗi muryarka a waya kana maimaita abin da ka fahimta. Ko a gidan kallon ƙwallo, kunnenka ya bi mai sharhi.

Tarko ɗaya shi ne Turancin Buroka. Harshe ne mai zaman kansa, yana da amfani a tasha da kasuwa, amma ba shi ake rubutawa a jarrabawa ba. Ka iya shi, ka san muhallinsa, ka samu malami ko abokin da ya ƙware ya riƙa tace maka abin da ka tsinto a titi.

Za a yi maka dariya wata rana, musamman in ka haɗa p da f, ko Faransanci ya suɓuce maka a tsakiyar zance. Ka yi dariyar tare da su, ka nemi gyara. Matambayi ba ya ɓata. Gargaɗin yin amfani da Turanci a wajen aji ya shafi har ɗan Najeriya da ke Malesiya ko Indiya ko Ingila, wanda ba ya hulɗa sai da 'yan gida. Hausarka ba inda za ta je. Shekarun karatun ne ƙidayayyu, kuma iyaye sun biya kuɗinsu.