Ɗan Kwaleji, Sabon Akawun Ƙauye

Duk wanda ya saba bin hanyar motar nan da ta taso daga Kano ta bi ta Kazaure zuwa Daura ya san Sandamu, gama a bakin hanyar ta ke, tafiya kaɗan ce ta rage a shiga birnin Daura. Saboda wannan kusanci, samari da 'yan matan ƙasar Sandamu da suka sami shiga manyan makarantun Daura, watau Kwalejin Yusufu Bala Usman, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya wadda aka kafa a 2019, da sabuwar Jami'ar Sufuri, ba su daɗewa ba su leƙo gida ba. Waɗansu ma kullum su ke zuwa su komo a kan babur. To, abin da ya sa na ɗauko alƙalami yau shi ne wani aiki da ke jiran yaran nan a ƙofar gida, wanda babu shi a tsarin karatun ko wace kwaleji, ba a kuwa biyansu ko anini a kansa.

Kafin ɗalibi ya sauke jakarsa, sai ka ga mahaifinsa ya miƙo masa waya, wai wani saƙo ya shigo da Turanci tun shekaranjiya, a duba ko daga banki ne. Bai gama ba gwaggonsa ta aiko, an rufe mata layi. Maƙwabci na tsaye a zaure, ɗansa da ke Ikko ya ce ya turo kuɗin taki, yana so a tabbatar masa sun shigo. Ga kuma ƙanensa da za a cika wa takardar jarrabawar JAMB. Kowannensu zai faɗa masa lambar sirrinsa da bakinsa, ko ya miƙo katin ɗan ƙasa ya ce a ɗauki hotonsa a ajiye don gaba. Kafin sallar isha'i, asirin gida huɗu ko biyar ya koma cikin wayar yaro ɗan shekara ashirin.

Ba rana ɗaya aka wayi gari a haka ba. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, a lokacin kuwa aikinta gaisuwa ce da sanar da haihuwa ko rasuwa. A 2014 Babban Banki ya kawo lambar BVN. Cikin watan Disamba na 2020 Gwamnati ta ba da umurni kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, daga 2021 kuma ba a yi wa yaro rajistar JAMB sai da ita. Amma abin da ya ƙarasa jefa mutanen karkara cikin wannan harka shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sa'ad da aka sake fasalin Naira. Manomin da bai taɓa taka ƙofar banki ba ya kai akuya kasuwa, mai saye ya ce ba shi da tsaba sai dai ya tura. Tilas ya nemi wanda ya san kan abin, mafi kusa da shi kuwa shi ne ɗan makaranta.

Ku malaman makaranta, da ku akawunan ƙananan hukumomi da kuka gaji kujerun ma'aikatan En'e tun gyaran mulki na 1976, wannan aiki ba baƙo ba ne a gare ku. A da, wanda bai iya boko ba ya kan je wurin malamin makaranta, ko wurin mai rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya, ya faɗi cikinsa a rubuta, a liƙe ambulan, a manna kan sarki. Akawun hakimi ya san harajin kowa, malamin kotu ya san wanda matarsa ta kai ƙara. Amma su waɗannan an hore su. An koya musu cewa fayil ɗin da aka rubuta wa "Asiri" ba ya kwana a kan tebur, akwatin Baitulmali yana da mabuɗi, mai mabuɗin kuma sananne ne, in abu ya ɓace an san wuyan wanda za a kama. Shi kuwa sabon akawun nan an ɗora masa kayan, ba a ba shi gammo ba.

Na sha zama da 'yan kwalejin nan a lokacin hutu, na kuwa lura su da kansu maganar tana damunsu, ko da ya ke ba bakinsu ɗaya ba. Waɗansu suna ganin zancen tsare asiri a intanet damuwar masu kuɗi ce da 'yan siyasa. Shi talaka ɗan talaka, in an buɗe wayarsa me za a samu ban da hotunan abokai da darussan makaranta? Waɗansu kuwa, galibi waɗanda suka taɓa ƙonewa ko suka ga an ƙone, sun fi tsoro. Ni dai ina bayan na biyun, dalilina kuwa shi ne wanda na riga na faɗa. Mai cewa ba shi da abin ɓoyewa ya manta abin da ke cikin wayarsa ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai hoton katin gwaggo, akwai lambar asusun maƙwabci, akwai lambobin mutum ɗari uku ko fiye waɗanda ba wanda ya shawarce su.

Babu abin da ya fito da wannan fili kamar manhajojin ba da rance. Ɗalibi ya matsu, kuɗin rajista bai cika ba, ya ga talla cewa za a ba shi rance cikin minti biyar ba jingina ba shaida. Ya sauke manhajar, ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayarsa da hotunansa, ya danna amincewa bai karanta ba. Ashe jinginar ke nan ya bayar. Ran da ya makara da biya, sai saƙo ya riƙa shiga wayar kawunsa, da ta limamin unguwa, da ta mahaifin yarinyar da ya ke nema, ana kiransa ɓarawo. A gari kamar Ikko mai yiwuwa ne mutum ya shanye wannan, amma a Sandamu, inda kowa ya san kakan kowa, tabon ya kan daɗe bai goge ba, ba kuma a kan yaron kaɗai ya ke tsayawa ba. Abin ya yi yawa har hukumar kare hakkin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansu kamfanonin a Ikko a 2022, kamfanin Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane daga ƙarshen watan Mayu na 2023. Sai dai hanin ya shafi waɗanda ke cikin rumbun Google ne; wadda aboki ya turo maka ta WhatsApp ba ta san da shi ba.

Doka kam akwai ta. A watan Yuni na 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan mutane, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba kowa ikon ya tambayi kamfani abin da ya tara a kansa, ya nemi a gyara ko a share, ya kuma janye amincewar da ya bayar. A watan Yuli na 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 saboda yadda ya ke sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kotun sauraron ƙorafi kuma ta tabbatar da tarar a watan Afrilu na 2025. Madalla da wannan. Amma fa hukuma tana Abuja, asarar da a ke yi a ƙauye kuwa yawanci ta hannu ce. Wani ya bugo waya da murya mai daɗi, ya ce daga banki ne, ya kira sunan tsoho daidai, ya ce za a rufe asusu in ba a karanto masa lambobin nan da suka shigo yanzu ba. Tsoho ya miƙa wa ɗalibi waya. A wannan minti ɗaya babu wata doka da za ta tsare kuɗin geron shekara, sai dai in yaron ya san cewa banki ba ya neman wannan lamba a bakin kowa.

Akwai kuma abin da yaro ke rubutawa da hannunsa. 'Yan kwaleji da yawa ba su manta da abin da ya sami wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ba, nan maƙwabtanmu a Jigawa. A watan Nuwamba na 2022 aka kama shi aka tafi da shi Abuja saboda wata magana da ya rubuta a Twitter game da uwargidan Shugaban Ƙasa na lokacin, watanni bayan ya rubuta ta. An gurfanar da shi, sa'an nan aka janye ƙarar a farkon Disamba bayan jama'a sun yi ta surutu. Ra'ayi ya bambanta a kan kamun, mutane da yawa sun ga an wuce gona da iri, an kuwa yi wa sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda a kan kama masu rubutu da shi, gyara a 2024. Abin da ɗalibai suka ɗauka daga ciki shi ne, maganar dandali iska ke tafiya da ita, ta waya kuwa tana nan kwance har ran da za a neme ta.

Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin ya fi wuya, shi ne mutanen gida sun mai da ɗan kwaleji alƙalin labari. An turo murya a WhatsApp, ko hoton bidiyo, sai a kira shi a ce, kai da ka yi boko, wannan gaskiya ne? Abin da ya ce shi za a kai majalisa. Masu shekaru sun tuna daren nan na watan Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, da aka yi ta tashin mutane daga barci a waya wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha; an kwantar da mutane a asibiti, waɗansu sun rasa rayukansu. Mutanen Daura kuwa suna da nasu misali da ya fi kowanne. An yi ta yaɗa cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu an sauya shi da wani Jibrin daga Sudan, har ya zama tilas ya ƙaryata da bakinsa a ƙasar Poland a watan Disamba na 2018. A Daura, inda ya kan zo hutun Salla ya gaisa da waɗanda suka yi ƙuruciya tare, zancen abin dariya ne. Amma miliyoyin da ba su da hanyar gani da ido fa? Allah Ya yi masa rasuwa a watan Yuli na 2025, aka rufe shi a gidansa na Daura. Yanzu kuwa na'ura tana iya kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, saboda haka "na ji da kunnena" ta rage nauyi.

A nan ne na ke ganin 'yan Kwalejin Yusufu Bala Usman suna zaune a kan taska ba su sani ba. Mutumin da aka sa wa makarantarsu sunansa, ɗan Musawa ne, an haife shi a 1945, ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya har rasuwarsa a 2005. A zamaninsa an saba a tuhumi labarin da tsofaffinmu suka bayar da baki, a karɓi wanda Bature ya rubuta ba tambaya. Shi kuwa ya ce sam, awo ɗaya za a yi musu. Ya ɗauki rubutun Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya shigo Katsina a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, ya bi shi da tambaya: da wa ya zauna, wa ya ba shi labari, wane ra'ayi ya taho da shi daga Turai, don wa kuma ya ke rubutu? Bai ce a jefar da littafin ba, ya ce a san inda ya tsaya ya hango. Malaman hadisi ma tun ƙarnuka da suka wuce ba su karɓar magana sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum. Saƙon da aka rubuta wa "an tura sau da yawa" a samansa, magana ce da ba ta da isnadi ko ɗaya.

Tambayoyin nan su ne kuma maganin sabon abin da ya shigo aji tun ƙarshen 2022, watau ChatGPT da 'yan'uwansa. Ɗalibai ba su ɓoye cewa suna ba shi aikin gida, waɗansunsu kuma sun fara lura da cewa ran jarrabawa kansu ya kan zama fayau, gama abin da ba ka sha wuyarsa ba ba ya zama. Hana su ba zai yiwu ba, malamin da ya ce zai hana yana yaudarar kansa ne. Abin da na ga ya fi shi ne malam ya sa su tambayi na'urar abin da suka fi ta sani. Su ce ta lissafa ƙauyukan ƙasar Sandamu, ko ta faɗi ranakun kasuwannin ƙasar Daura, ko sarautun fadar Sarki, sa'an nan su ɗauki jan alƙalami su yi mata maki. Yaron da ya kama ta sau ɗaya tana ƙaga sunan ƙauyen da babu shi, cikin lafazi mai santsi ba ko gezau, ba zai sake kwafe maganarta a kan dokar gado ko lissafin gada ido rufe ba.

Saura maganar gwaggo da lambar sirrinta. Zamanin Yaƙi da Jahilci, a shekarun 1950, burin da aka sa gaba shi ne kowane magidanci ya karanta wasiƙarsa da kansa, ya duba rasiɗin harajinsa kada a cuce shi. Azuzuwan manya na yanzu, waɗanda ƙananan hukumomi ke da hannu a cikinsu, suna iya ɗaukar irin wannan buri ba tare da an kashe wani abin kirki ba: lamba huɗu ce tsohuwa za ta riƙe a ka, ta koyi danna su da yatsanta, ta kuma gane kalmar da ke nuna kuɗi sun shigo da wadda ke nuna sun fita. Na ga ɗalibar da ta yi wa kakarta haka cikin hutu guda. Ta zana mata fuskar waya a bayan kwali da gawayi, suka yi ta maimaitawa bayan sallar magariba har hannun ya saba. Ran da tsohuwar ta je wurin mai POS ita kaɗai, ta sa gefen mayafinta ta kare na'urar kafin ta danna, jikar kuma ta share hoton katin daga wayarta a gabanta.