ƘARAMIN JIRGIN SAMA DA AKE TUƘAWA DAGA ƘASA

Kowa ya san yaran karkara da ƙirar motar kara. Su samo karan dawa, su ɓare shi, su yi mata ƙafafu da sakaina. Wasu har jirgin sama suke yi da gwangwani da waya. Amma jirgin yara ba ya tashi, da zare ake jan sa.

Akwai wani ƙaramin jirgi da yake tashi da gaske. Babu mutum a cikinsa. Tsawon fukafukansa kamar metir ɗaya da rabi ne, bai cika gaba guda ba. Nauyinsa kilo ɗaya zuwa uku. Mai tuƙa shi yana tsaye a ƙasa, riƙe da wani akwati mai ƴan sanduna biyu. Akwatin yana aika umurni ta iska, kamar yadda gidan radiyo yake aiko da magana. Ba tsafi ba ne. Abin da yake ɗaga babban jirgin alhazai, shi ne yake ɗaga wannan.

Daga ina abin ya fito?

Ƙaramin jirgi ya girmi babba. A shekarar 1871, wani Bafaranshe mai suna Alfons Peno ya tada ɗan jirgi a wani lambu na birnin Paris. Roba ce ya murɗa, tana warwarewa tana juya farfela, wato fankar jirgi. A 1878, a Amurka, wani uba ya kawo wa ƴaƴansa biyu abin wasa mai tashi, irin ƙirar Peno. Yaran nan su ne Wilba da Obil Rayit, waɗanda suka tada jirgi mai moter da mutum a cikinsa a 1903. A 1937 kuma wasu tagwaye ƴan Amurka, Walta da Bil Gud, suka gina ƙaramin jirgi da ake juyawa ta radiyo.

Kada a raina shi don ƙanƙanta. A watan Agusta na 2003, wani jirgi mai kilo 5 da Menad Hil ya gina ya tashi daga Kanada, ya ƙetare teku, ya sauka a ƙasar Ailan. Ya yi kilometir sama da 3000 cikin awa kusan 39. Da hannu aka tada shi, da hannu aka saukar da shi, a tsakani kuwa wata na'ura ce a cikinsa ta riƙe hanya.

Abin da ke cikin kwali

Yawancin masu wannan sha'awa ba su fara komai daga tushe. Kwali suke saye daga masana'anta. A ciki akwai babbar takarda mai zanen jirgin daidai girmansa, da katako yankakke gunduwa-gunduwa, da waya, da ƙafafu. Moter da batir da akwatin tuƙi sau da yawa dabam ake sayen su. Wasu kwalayen na farin soso ne mai tauri, irin wanda ake naɗe firiji da shi. Waɗannan sun fi saurin haɗawa.

Katakon ana kiran sa balsa. Itace ne na Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, mafi yawansa daga ƙasar Ekwado yake fitowa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Farce ma yana lotsa shi, kusan kamar farin cikin karan dawa.

Ana shimfiɗa zanen a kan allo miƙaƙƙe, a rufe shi da farar leda don kada kol, wato gam, ya kama takarda. Sai a jera guntayen a kan zanen, a kafe su da ƙananan allurai, a manne. Fiffike yana da doguwar sanda daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kamar azarar ɗaki, da haƙarƙari a jere a kanta. Idan ƙashin ya bushe, a goge shi da takarda mai yashi ta kafintoci. Daga nan a lulluɓe shi da wata leda ta musamman, wadda take ɗamewa in ta ji zafin dutsen guga.

A nan ne mai gaggawa yake yin kuskuren farko. In allon ya karkace, fiffiken ma zai karkace. Jirgi mai murɗaɗɗen fiffike kuwa gefe guda zai riƙa ja, kamar jaki mai ɗingishi, kuma akwatin tuƙi ba zai warkar da shi ba.

A cikin jirgin ana ɗaura ƙaramar radiyo mai karɓar umurni, da wasu ƴan motoci da ake kira sarbo. Kowane sarbo yana jan waya, wayar tana motsa wani ɗan marfi. Marfin kwance na wutsiya shi ne na hawa da sauka. Marfin tsaye na wutsiya shi ne na dama da hagu. Waɗanda ke bayan fukafukai su ne masu kishingiɗar da jirgi.

Maganar daidaita nauyi

Wannan ita ce babbar magana, ita ce kuma aka fi mantawa. Duk mai amalanken jaki ya san ta. In aka tara buhuna a baya, sandunan amalanke su ɗaga sama, har su nemi ɗaga jakin. In aka tara su a gaba, su danne masa baya, ya tafi da ƙyar. Sai kaya sun zauna a kan ƙafafu tafiya take daɗi.

Haka jirgi yake. Yana da wurin da nauyinsa ya kamata ya zauna, kuma an nuna wurin a kan zanen. A jirgin koyo mai miƙaƙƙen fiffike, wurin yana tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike, in an auna daga bakin gaba. Misali: in faɗin fiffike santimetir 24 ne, wurin yana tsakanin santimetir 6 da santimetir 8 daga gaba.

Ga yadda ake gwadawa. A saka batir da komai a mazauninsa. A sa ɗan yatsa guda a ƙarƙashin kowane fiffike, daidai wurin nan, a ɗaga. Jirgin ya tsaya sosai, ko hancinsa ya ɗan sunkuya kaɗan. In hanci ya yi nauyi da yawa, jirgin zai tashi amma da taurin kai, kuma da gudu zai sauka. In wutsiya ce ta rinjaya, kada a tada shi sam. Zai ɗaga hanci, gudunsa ya mutu, iska ta sake shi, ya faɗo. Aikin wata biyu da kuɗin da aka tara su ƙare cikin daƙiƙa goma.

Gyaran ba wuya. A matsa da batir gaba. In bai isa ba, a manna ɗan dalma a hanci. Amma a lura: wutsiya ta fi hanci nisa daga tsakiya. Kol na garam 10 da aka lafta a wutsiya yana iya cin dalma garam 30 a hanci. Shi ya sa gwanaye suke rowar kol a baya.

Mai son sake fasali

Da wuya mai gini ya bar jirgi yadda masana'anta ta tsara shi. Wani gyaran yana da dalili. Ƙafafun da ke cikin kwali ƙanana ne, don filin ciyawa ko kwalta aka yi su. A rairayi nutsewa suke, jirgi ya kife. Manyan ƙafafu marasa nauyi sun fi dacewa da ƙasa irin ta Damagaram ko Adar.

Wani gyaran kuwa son burgewa ne kawai. Mutum ya cire moter, ya saka wanda ya fi shi ƙarfi. To, in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin iska a kan fiffike sau huɗu yake ninkawa. Azarar da aka yi don tafiyar hankali tana iya karyewa a sama. Wani ya ɗaura kamarar ɗaukar hoto. Jirgin da ya ƙara nauyi dole ya ƙara gudu kafin ya tashi, dole kuma ya sauka da gudu. Wani ya ga fukafukan jirgin koyo sun ɗan ɗaga sama a ƙarshensu, ya miƙe su don kyau. Alhali wannan ɗagawar ce take maido da jirgi daidai in ya karkace.

Saboda haka abu ɗaya ake sakewa a lokaci guda. Bayan kowane gyara, komai ƙanƙantarsa, a sake ɗora jirgin a kan ƴan yatsu.

Ranar tashi

A zaɓi safiya mai sanyi, ba ranar iskar hunturu ba. A nemi fili nesa da gidaje da dabbobi da wayar lantarki. Akwatin tuƙi ake fara kunnawa, sannan jirgi. Wajen kashewa, jirgi ne farko. A motsa kowace sanda a ga marfin ya bi hanyar da ta dace, don sarbo da aka juya baibai ya sha kada jirage. Jirgi iska yake fuskanta wajen tashi da wajen sauka. Sabon hannu ya nemi wanda ya iya ya tsaya kusa da shi, domin in jirgi ya juyo yana zuwa wajen mai tuƙi, damarsa ta koma hagun mutum, kai ya ruɗe.

Farfela tana yanka yatsa kamar wuƙa. A cire ta in ana gyara a gida, a kuma janye yara baya. Batirin lityum da waɗannan jirage suke aiki da shi ba ya son zafi. Kada a bar shi a rana ko cikin mota rufaffiya. Kada a yi masa caji a kan katifa ko cikin ɗakin kara. Wanda ya kumbura ko ya huje yana iya kama wuta, a daina aiki da shi.

Akwai kuma doka. Ba a tada irin wannan jirgi kusa da filin jirgin sama ko barikin soja. Jirage marasa matuƙi sun shiga harkar tsaro, mai gadi kuwa ba zai iya bambanta na wasa da na leƙen asiri daga nesa ba. Kafin a kai jirgi fili, a nemi izinin hukuma, a kuma shaida wa maigari.