Fashin Baƙi: Laifuka Da Tsaron 'Yan Wasa A Manyan Gasannin Duniya

Duk ƙasar da aka ba wa damar karɓar baƙuncin gasar Olamfik, ko Kofin Duniya, ko Kofin Nahiyar Afirka, tana sa hannu ne a kan alƙawarin kare rayuka da dukiyoyin dubban 'yan wasa da jami'ai da 'yan kallo da za su sauka a cikinta. Tarihin shekaru 50 da suka wuce ya nuna cewa an sha saɓa wannan alƙawari, kuma galibin matakan tsaron da ake gani a filayen wasa a yau an ƙirƙiro su ne bayan an yi asarar rai ko dukiya.

Barazanar da 'yan wasa ke fuskanta ta kasu gida uku: harin masu manufar siyasa, sata da fashi irin na yau da kullum, da kuma laifukan da ke bin ɗan wasa har gidansu saboda sunansa ko dukiyarsa.

Daga Munik aka fara koyon darasi

Lokacin da Jamus ta Yamma ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik a birnin Munik a 1972, ta yi niyyar goge tabon gasar Berlin ta 1936 da aka yi a ƙarƙashin mulkin Hitler. Saboda haka ta sassauta tsaro da gangan, ta zuba masu gadi marasa makami a ƙauyen da aka saukar da 'yan wasa.

Da asubahin 5 ga Satumba, 'yan bindiga takwas na ƙungiyar Falasɗinawa ta Black September suka haura shingen ƙauyen sanye da kayan motsa jiki. Sun kashe mutum biyu daga tawagar Isra'ila, suka yi garkuwa da tara, suka nemi a sako fursunoni fiye da 200 da ke tsare a Isra'ila. Yunƙurin ceto su a wani sansanin jiragen sama ya ci tura, aka kashe duka taran, tare da ɗan sandan Jamus ɗaya da maharan biyar. An dakatar da gasar na sa'o'i 34, sannan aka ci gaba.

Bayan wannan ne Jamus ta kafa rundunar yaƙi da ta'addanci ta GSG 9, kuma ƙauyen 'yan wasa ya koma tamkar barikin soja a duk gasar da ta biyo baya. Sai a 2022, bayan shekara 50, gwamnatin Jamus ta amince ta biya iyalan mamatan diyyar yuro miliyan 28, shugaban ƙasar Frank-Walter Steinmeier kuma ya nemi gafararsu a bainar jama'a.

Da aka toshe ƙauyen 'yan wasa, sai masu kai hari suka karkata ga wuraren taruwar jama'a. A ranar 27 ga Yuli, 1996, bam ya tashi a dandalin shaƙatawa na gasar Olamfik a birnin Atlanta na Amurka, inda kowa ke shiga ba tare da an bincike shi ba. Mace ɗaya ta mutu nan take, wani mai ɗaukar hoto ɗan Turkiyya ya rasu sakamakon bugun zuciya, mutum 111 suka jikkata. Mai gadin da ya fara ganin jakar bam ɗin, Richard Jewell, shi aka fara zargi bisa kuskure, kafin a kama ainihin mai laifin, Eric Rudolph, a 2003. Tawagar Najeriya na cikin gasar a lokacin. Mako guda bayan harin Chioma Ajunwa ta ci zinare a dogon tsalle, washegari kuma 'yan ƙwallon Najeriya suka doke Ajantina da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe.

Hanya ta fi fili haɗari

Binciken da ake yi a ƙofofin filayen wasa ya tabbatar da amfaninsa a daren 13 ga Nuwamba, 2015, lokacin da 'yan ƙunar baƙin wake suka kasa shiga filin Stade de France ana tsakiyar wasa tsakanin Faransa da Jamus, suka tayar da bamabamansu a waje. An kashe mutum 130 a sassan birnin Paris a daren, amma babu ɗan wasan da ya ji rauni. Tawagar Jamus ta kwana a cikin filin, 'yan wasan Faransa suka zauna tare da su.

Inda tsaro ya fi rauni shi ne tsakanin masauki da fili, lokacin da tawaga gaba ɗaya ke cikin mota ɗaya, a kan hanyar da kowa ya sani, a lokacin da kowa ya sani.

A ranar 3 ga Maris, 2009, 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan motar 'yan wasan kurket na Siri Lanka a birnin Lahore na Pakistan, dab da filin wasa na Gaddafi. 'Yan sanda shida da fararen hula biyu suka mutu, 'yan wasa da dama suka jikkata, aka kwashe su da jirgi mai saukar ungulu daga tsakiyar fili. An cire Pakistan daga cikin masu karɓar baƙuncin Kofin Duniya na kurket na 2011, kuma ta shafe shekaru tana buga wasanninta na gida a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Bayan wata goma, abin ya faɗo Afirka. A ranar 8 ga Janairu, 2010, saura kwana biyu a fara gasar Kofin Nahiyar Afirka a Angola, tawagar Togo ta taso a mota daga birnin Pointe-Noire na Kongo zuwa Kabinda, lardi mai arzikin man fetur da ba ya haɗe da sauran ƙasar Angola, inda 'yan aware na ƙungiyar FLEC suka daɗe suna yaƙi. Jim kaɗan da tsallaka iyaka aka yi musu kwanton ɓauna. Mataimakin koci Amelete Abalo da jami'in hulɗa da 'yan jarida Stanislas Ocloo sun rasa rayukansu. Mai tsaron raga Kodjovi Obilale ya sha harsashi a baya, kuma bai sake buga ƙwallo ba.

Ba duk mai kai hari a kan motar 'yan wasa ne ke da manufar siyasa ba. Wanda ya dasa bamabamai uku a hanyar motar Borussia Dortmund a ranar 11 ga Afrilu, 2017, gabanin wasan Kofin Zakarun Turai da Monaco, ya bar wasiƙu don a ɗora laifin a kan masu iƙirarin jihadi. Bincike ya gano cewa ya zuba kuɗi ne a kasuwar hannun jari a kan cewa darajar ƙungiyar za ta faɗi, ya ci riba. Ɗan wasan baya Marc Bartra ya karye a hannu, an kuma ɗaure maharin shekara 14.

Magoya bayan ƙwallo a Najeriya sun san irin wannan haɗari a gida. A watan Maris 2015, 'yan fashi sun harbi 'yan wasan Kano Pillars da dama a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan hanyarsu ta zuwa buga wasa a Owerri.

Sata da fashi

Harin ta'addanci ne ke cika kanun labarai, amma abin da ya fi samun baƙi a irin waɗannan gasanni shi ne sane da fashi da fasa ɗakin otel. Dalilin a bayyane yake: dubban mutane ne da ba su san gari ba, ba sa jin harshen mutanen gari, suna ɗauke da kuɗi da wayoyi da na'urorin ɗaukar hoto masu tsada, kuma za su bar ƙasar kafin a kai ga yanke hukunci, wanda hakan ke sa ƙarar ta mutu don rashin shaida.

Wannan giɓi ne Afirka ta Kudu ta yi ƙoƙarin toshewa a Kofin Duniya na 2010, ta hanyar ware kotuna 56 na musamman da ke zama har cikin dare. Mutum biyu da suka yi wa wasu 'yan jaridar Fotugal da Sifaniya fashi da makami a masaukinsu an kama su, an gurfanar da su, an ɗaure kowanne shekara 15, duk a cikin 'yan kwanaki.

Brazil ta girke jami'an tsaro kimanin 85,000 a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Duk da haka, harsashi ya huda rufin tantin 'yan jarida a wurin gasar hawan doki, an kuma harbe wani jami'in tsaro da motarsu ta yi ɓatan hanya ta shiga unguwar da 'yan daba ke iko da ita. A wannan gasa ce kuma ɗan ninƙayar Amurka Ryan Lochte ya yi iƙirarin cewa an yi musu fashi da bindiga. Hotunan bidiyo suka nuna cewa shi da abokansa ne suka yi ɓarna a wani gidan mai, masu gadi suka tsare su har suka biya. An dakatar da shi wata 10, kamfanoni suka soke kwantiragin talla da shi, amma labarin ya riga ya zagaya duniya ya ɓata sunan birnin.

A gasar Paris ta 2024, 'yan sanda 45,000 ne suka tsare bikin buɗewa da aka yi a kan kogin Seine ranar 26 ga Yuli. Da safiyar ranar, masu zagon ƙasa suka cinna wuta a wayoyin layukan dogo na jiragen ƙasa masu gudun gaske. Kwanaki kaɗan kafin nan, kocin Ajantina Javier Mascherano ya sanar da cewa ɓarayi sun shiga ɗakin canza kaya ana cikin atisaye, suka sace agogo da zobban ɗan wasansa Thiago Almada.

Laifin da ke bin ɗan wasa gida

Kashi na uku shi ne wanda babu shingen da ke tare shi. Andres Escobar na Kolombiya ya ci gida bisa kuskure a wasa da Amurka a Kofin Duniya na 1994. A ranar 2 ga Yuli, kwanaki kaɗan da komawarsa gida, aka harbe shi a birnin Medellin.

A ranar 26 ga Yuni, 2018, saura sa'o'i kaɗan Super Eagles ta kara da Ajantina a birnin Saint Petersburg na Rasha, aka sanar da kyaftin John Obi Mikel cewa an yi garkuwa da mahaifinsa a Najeriya, karo na biyu bayan na 2011. Daga baya ya bayyana cewa an yi masa barazanar kashe mahaifin idan ya faɗa wa hukuma, don haka bai gaya wa koci ko abokan wasansa ba, ya buga wasan har ƙarshe. Najeriya ta sha kashi da ci 2 da 1, kuma sai bayan kusan mako guda 'yan sandan jihar Enugu suka sanar da kuɓutar dattijon. Irin wannan ya samu Luis Diaz na Kolombiya a 2023.

Cin zarafi ta intanet shi ma ya shiga sahu. Bayan wasan ƙarshe na gasar Turai a Yuli 2021, Bukayo Saka da Marcus Rashford da Jadon Sancho sun sha zagin wariyar launin fata saboda sun zubar da bugun fenareti, har kotunan Ingila suka hukunta wasu. Binciken da hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta gudanar a gasar Olamfik ta Tokiyo ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na saƙonnin cin mutuncin da aka tantance mata aka aika wa.

Alhakin wa ne?

A bisa yarjejeniyar karɓar baƙunci, gwamnatin ƙasar da ake gasar a cikinta ce ke da alhakin tsaro. Kwamitin Olamfik na duniya da FIFA da CAF suna gindaya sharuɗɗa ne su kuma duba an cika su. Idan abu ya ɓaci, sau da yawa kowane ɓangare kan tura laifi ga ɗan'uwansa.

Da gwamnatin Togo ta janye tawagarta a 2010, CAF ta ce hakan katsalandan ne na siyasa, ta haramta wa ƙasar shiga gasa biyu a jere, ta ci tararta dala 50,000. Hukuncin ya jawo suka daga ko'ina, kuma an soke haramcin a watan Mayu na shekarar bayan shugaban FIFA na lokacin, Sepp Blatter, ya shiga tsakani. Shekara 14 bayan haka, a Oktoba 2024, aka karkatar da jirgin Super Eagles daga Bengazi zuwa filin jirgin Al Abraq na Libiya, inda 'yan wasan suka kwana a kan kujeru babu abinci. Sun ƙi buga wasan, suka dawo gida. A wannan karon mai masaukin baƙi CAF ta hukunta: ta ba Najeriya nasara da ci 3 da nema, ta ci tarar Libiya dala 50,000.

Tsaron kansa yana cin kuɗi masu yawa. Girka ta kashe fiye da dala biliyan 1 a gasar Athens ta 2004, gasar bazara ta farko bayan harin 11 ga Satumba a Amurka. A Landan a 2012, kamfanin G4S ya gaza kawo adadin masu gadin da ya yi alƙawari, dole aka ƙaro dubban sojoji ana gab da buɗe gasa. Katar ta nemi taimakon 'yan sandan Turkiyya da sojojin Pakistan a 2022. Faransa kuwa ta yi doka ta musamman da ta ba da damar amfani da kwamfuta wajen tantance hotunan kyamarorin tsaro, abin da masu kare haƙƙin ɗan'adam suka yi gargaɗin cewa zai iya ɗorewa bayan an tashi daga gasa.

Gasannin kuma sai ƙara faɗi suke yi. An tsara Kofin Duniya na 2026 ne ga ƙasashe 48, da wasanni 104, a birane 16 na Amurka da Kanada da Meksiko. Kofin Nahiyar Afirka na 2027 an ba Kenya da Uganda da Tanzaniya su karɓi baƙuncinsa tare. Ma'anar wannan ita ce ƙarin tafiye-tafiye da ƙarin tsallaka iyakoki, kuma kowace ƙasa da rundunar 'yan sandanta da dokokinta.

Ga ƙasashe irin Najeriya da ke tura tawaga kusan kowace babbar gasa, abubuwan da suka faru a Kabinda da Al Abraq da Enugu sun nuna cewa bai kamata a bar wa mai masaukin baƙi komai ba. Akwai buƙatar Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya da Hukumar Wasanni ta Ƙasa su riƙa tura jami'i ya duba masauki da hanya kafin tawaga ta isa, su sanar da ofishin jakadancin Najeriya jadawalin tafiya, su kuma haɗa kai da 'yan sanda wajen kula da iyalan fitattun 'yan wasa a gida na tsawon kwanakin gasa.