Shirun Daji Ma Yana Buƙatar Mai Tsaronsa

A ranar 18 ga Yunin 1986, wani ƙaramin jirgin sama da wani jirgi mai saukar ungulu, dukansu ɗauke da 'yan yawon buɗe ido, suka yi karo a sararin samaniyar Grand Canyon, makeken kwazazzabon nan na jihar Arizona a Amurka. Mutum 25 suka rasu. Shekara na zagayowa majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ta hana shawagi ƙasa da bakin kwazazzabon, ta kuma umarci a maido wa wurin shirunsa na asali.

Wannan shirun shi ne ke ba kunne damar jin kukan tsuntsu, da kaɗawar iska, da gurnanin kogin Kolorado can ƙasa. Dabbar dawa da kunnenta take rayuwa: da shi take jin takun maƙiyi da kiran ɗanta. Idan rugugin jirgi ya cika kwari, duwatsu suka riƙa maido da amonsa, duk wannan sai ya ɓace. Bincike a wurin ya nuna tumakin dawa masu manyan ƙahoni kiwonsu yana raguwa idan jiragen suna giftawa.

Hukumar gandayen dajin ƙasar ta kafa mizani: aƙalla rabin gandun Grand Canyon ya zama ba a jin ƙarar jirgi a kashi 75 cikin ɗari na yini. Aka shata wa jiragen hanyoyi, aka haramta musu wasu yankuna.

A 2000 aka yi wata dokar domin sauran gandaye, wadda ta ɗora wa wannan hukuma da ta sufurin sama alhakin tsara shawagin tare. Sai dai kowace ta riƙa jan ƙafa, har sai da kotu ta tilasta musu a 2020 su kammala tsarin gandaye 23. A 2023 aka haramta irin wannan yawo baki ɗaya a kan Dutsen Rushmore, ɗaya daga cikin waɗannan gandaye.

Kamfanonin jiragen suna da tasu hujjar: tsofaffi da naƙasassu ta sama kaɗai za su iya ganin irin waɗannan wurare, kuma al'ummar Hualapai, 'yan asalin yankin Grand Canyon, tana cin abinci da harkar. Gaskiya ne, shi ya sa sanya iyaka ya fi haramci dacewa da wasu wuraren. Amma jirgi ɗaya mai 'yan fasinjoji kaɗan yana iya cika kunnen duk wanda ke ƙasa, mutum da dabba. Wanda ya hau sama ya biya kuɗinsa. Dabbobin da ke ƙasa ba su da bakin kai ƙara, sai wanda doka ta ba su.